Darasin Kimiyya: Abinci da Ƙananan Sinadarai a Jikin Mai Tarin Fuka

Darasinmu na yau a kan alaƙar tukunya da tarin fuka ne, kuma da tambaya zan fara. A gidajen haya na Aboabo da Asawase da Sabon Zongo, ba baƙon abu ba ne mutum biyar su kwana ɗaki ɗaya, taga a rufe saboda sauro. Idan ɗayansu yana tari, duk sauran suna shaƙar iskar da ya fitar. To me ya sa bayan shekara guda sai ka ga ɗaya daga cikin huɗun nan ya kwanta, uku kuwa suna ta harkokinsu a kasuwar Kejetia lafiya lau?

Ƙwayar cuta da jikin da ta tarar

Ƙwayar da ke kawo tarin fuka sunanta Mycobacterium tuberculosis. Wani likita Bajamushe, Robert Koch, shi ya bayyana ta a birnin Balin ranar 24 ga Maris, 1882, shi ya sa ake tunawa da cutar a wannan rana kowace shekara. Iska take bi, daga huhun mai ciwo zuwa huhun mai lafiya, ta tari ko atishawa ko magana. Ba gadonta ake yi ba, ba sammu ba ce, kuma cin tuwo a kwano ɗaya ba ya kawo ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa ɗaukar wannan ƙwaya. Amma a cikin kowane mutum 100 da suka ɗauke ta, kamar 5 zuwa 10 ne kawai za su yi ciwon a tsawon rayuwarsu. Sauran, garkuwar jikinsu ce ta killace ƙwayar a wani lungu na huhu, ta hana ta yaɗuwa. Abubuwa biyar hukumar ta fi ambata a cikin masu karya wannan killacewa: ƙanjamau, ciwon sukari, shan taba, shan giya, da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ga rabin amsar tambayarmu nan. Ɗaki ɗaya ne, iska ɗaya ce, amma jikin da ƙwayar ta tarar ya bambanta.

Kada ku ɗauka ciwon wata ƙasa ce mai nisa. A 2023 mutum wajen miliyan 10.8 suka yi shi a duniya, miliyan 1.25 suka rasu. A nan Ghana, binciken ƙasa baki ɗaya da aka yi a 2013 ya gano masu ciwon kimanin 290 a cikin kowane mutum 100,000, abin da ya ninka ƙiyasin da ake da shi a da har sau uku ko fiye.

Yadda rama take faruwa

Sauran rabin amsar shi ne, ita ma cutar tana jawo rama. Da zarar ciwon ya kama, ƙwayoyin garkuwa sukan saki wasu sinadarai na faɗakarwa cikin jini. Su ne ke kawo zazzaɓin yamma da zufar dare, kuma su ne ke zuwa ƙwaƙwalwa su kashe sha'awar abinci. Zazzaɓi yana ƙara yawan makamashin da jiki ke ƙonawa ko da mutum yana kwance. Buƙata ta hau, cin abinci ya sauka. Jiki sai ya koma kan ajiyarsa, ya cinye kitse, ya shiga cin tsoka, kamar maigidan da itacen girki ya ƙare masa ya fara zare azarar ɗaki yana turawa a murhu. Cikin tsokar da ake ci har da wadda ke taimaka wa ƙirji wajen numfashi da fitar da kaki.

Akwai wani abu da ya sa ramar tarin fuka ta fi ta yunwa zalla wuyar gyaruwa. Muddin ƙwayar na nan da rai, ko an ba mara lafiya nama da ƙwai, jikinsa ya fi karkata ga ƙona furotin ɗin maimakon ya gina tsoka da shi. Saboda haka babu abincin da zai maye gurbin magani. Maganin wata shida ne: wata biyu na farko ana shan haɗin isoniyazid da rifamfisin da firazinamid da etambutol, wata huɗu na baya a ci gaba da isoniyazid da rifamfisin. Kyauta ake bayar da shi a asibitocin gwamnati, irin su Komfo Anokye da Manhyia da Tafo.

Mu je allo

Ta yaya ake sanin rama ta kai matsayin haɗari? Ido yana yaudara, musamman a ƙarƙashin babbar riga. Ma'aikatan lafiya suna amfani da wani lissafi da ake kira BMI: a ɗauki nauyin mutum a kilo, a raba shi da tsayinsa a mita wanda aka ninka da kansa.

A ce ga wani tela, tsayinsa mita 1.70, nauyinsa kilo 50. Ku ninka 1.70 da 1.70, za ku sami 2.89. Ku raba 50 da 2.89, amsa 17.3. A babban mutum, duk abin da ya gaza 18.5 rama ce, wanda ya gaza 16 kuwa rama ce mai tsanani da ke buƙatar kulawa ta musamman. Telan nan sai ya kai kusan kilo 53 da rabi kafin ya fita daga layin haɗari.

An yi irin wannan awo a ƙasar nan. A Asibitin Effia-Nkwanta da ke Sekondi an auna sababbin masu tarin fuka 570, aka buga sakamakon a 2008. Kashi 51 cikin 100 sun zo da rama, kashi 15 kuwa ramarsu mai tsanani ce. Bayan wata biyu ana shan magani, masu ramar sun sauko zuwa kashi 40. Ku dubi wannan adadi ta fuska biyu. Magani ya yi aiki, babu shakka. Amma mutum huɗu cikin goma suna nan a rame bayan sun gama zangon magani mafi ƙarfi. Sikelin da ke ƙofar ɗakin likita yana da wani amfani kuma: yawan ƙwayoyin maganin da za a ba mutum ya dogara da nauyinsa, don haka idan ya ƙara nauyi ana iya ƙara masa.

Ƙananan sinadarai

Abinci yana ɗauke da manyan sinadarai, wato sitaci da mai da furotin, waɗanda ake auna su da giram. Yana kuma ɗauke da ƙanana, bitamin da ma'adinai, waɗanda abin da jiki ke buƙata daga wasunsu a yini bai kai ƙwayar gero ba, amma in babu su garkuwa ba ta tsayuwa. Biyar za mu duba.

Kafin nan ga wata ƙa'ida da ke ruɗa har masu bincike. Idan aka ɗebi jinin mai tarin fuka, kusan kullum za a ga bitamin A da zink da sinadarin ƙarfe sun yi ƙasa. Wannan ba koyaushe yake nufin babu su a jiki ba. A lokacin ciwo, hanta takan janye su daga jini ta ɓoye, kuma sukan dawo da kansu idan magani ya fara cin ƙarfin ƙwayar. Don haka mai karanta sakamakon gwaji sai ya tambayi kansa: rashi ne na gaskiya, ko ɓoyo ne?

Bitamin A shi ke kula da lafiyar fatar da ta lulluɓe hanyoyin numfashi daga ciki, wadda ita ce ƙofar farko da ƙwayar ke tunkara. A birnin Lima na ƙasar Feru an bi mutanen da ke zaune gida ɗaya da masu tarin fuka, aka tarar waɗanda ke da ƙarancin bitamin A tun farko sun ninka sauran kusan sau goma wajen kamuwa da ciwon. An buga wannan a 2017. Mu a nan Allah ya hore mana manja, wanda kaɗan ne cikin abinci suka kai shi yawan karotin, sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Sai dai a gaya wa masu girki: idan aka bar manja a wuta har ja ya gushe ya yi fari, an ƙone karotin ɗin, saura mai kawai. Ana samun wannan bitamin kuma a hanta, ƙwai, kontomire, ayoyo, zogale, mangwaro da gwanda. Ganye yana son ɗan mai a miya kafin hanji ya iya tsotse abin da ke cikinsa.

Zink abokin tafiyar bitamin A ne, domin sai da shi hanta ke iya ƙera furotin ɗin da ke ɗauko bitamin A ya kai shi cikin jini. Ƙarancinsa yana dusashe ɗanɗano, abinci ya zama lami a baki, mara lafiya ya ƙara ture kwano. Nama, kifi, agushi, gyaɗa da wake duk suna da shi. Matsalar ita ce hatsi da wake suna ɗauke da wani sinadari mai suna faitet da ke riƙe zink da ƙarfe ya hana su shiga jini. Jiƙa hatsi da barin sa ya yi tsami yana rage faitet. Ashe gasarar da mai koko ke kwanar da ita, da daddawar da ake rufewa kwana da kwanaki, duk aikin kimiyya ne da iyayenmu mata suka daɗe suna yi.

Labarin bitamin D ya fi tsawo, kuma ina so ku saurare shi da kyau domin yana koya mana yadda kimiyya ke gyara kanta. Tun kafin a sami maganin tarin fuka, likitocin Turai suna ba marasa lafiya man hantar kifi, suna kuma shanya su a rana. A 1903 aka ba Niels Finsen na ƙasar Denmak kyautar Nobel saboda warkar da tarin fuka na fata da haske. A 2006 masu bincike suka nuna dalili a ɗakin gwaji: bitamin D yana sa ƙwayoyin garkuwa su ƙera wani sinadari, katelisidin, mai kashe ƙwayar cutar. Kowa ya sa rai an samo hanya mai arha. Sai aka gwada a kan mutane. A Gini Bisau an ba masu ciwon bitamin D tare da maganinsu, ba a ga ya ƙara musu sauƙi ba. A Mongoliya an ba yara 'yan makaranta 8,851, wasu bitamin D wasu ƙwayar da babu komai a ciki, duk mako har shekara uku, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna bai rage ɗaukar ƙwayar cutar ba. Abin da ya yi aiki a kwalbar gwaji bai yi a jikin ɗan Adam yadda aka zata ba. Wannan bai hana mara lafiya fita ya sha hantsi a tsakar gida ba. Fata da hasken rana take ƙera bitamin D, rifamfisin yana saurin rage shi a jiki, kuma zama a fili yana rage wa 'yan ɗaki shaƙar ƙwayar.

Sinadarin ƙarfe shi ne inda muka fi yin kuskure a Zongo. Mutum ya rame, idonsa ya yi fari, sai 'yan'uwa su haɗa kuɗi a tafi kantin magani a sayo kwalbar ƙarin jini. Niyya mai kyau ce. Amma ita ma ƙwayar tarin fuka da ƙarfe take hayayyafa, jiki kuma ya san haka. Sai hanta ta saki wani sinadari, hefsidin, wanda ke rufe ƙofar shigar ƙarfe daga hanji, ya kulle wanda ke cikin jiki a ma'ajiya. Jini yakan ragu, amma da gangan jiki ya yi. Wani bincike da aka yi a Gambiya, aka buga a 2015, ya nuna irin wannan ƙarancin jini yana washewa da kansa a yawancin marasa lafiya idan sun sha maganin tarin fuka, yayin da na masu rashin ƙarfe na gaskiya yake saura, sai an bi shi da nasa maganin. Ban da haka, zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki su ma suna shan jini. Gwaji ne kaɗai zai raba waɗannan, ba mai kanti ba. Ƙarfen da ke cikin abinci kuwa ba a hana kowa ba: hanta, nama, ƙananan kifi, wake da ganye. Lemo ko tumatir a gefen abinci yana ƙara shigarsa jini, shayi mai kauri a kan abinci yana rage ta, don haka a jinkirta shayin da kamar awa guda.

Na biyar, bitamin B6, matsalarsa daga maganin kansa take. Isoniyazid yana kore shi daga jiki, jijiyoyin ƙafa kuma su ne ke fara kuka: zafi a tafin ƙafa, ko jin kamar ana tsira allura, ko ƙafar ta mutu. Masu rama, masu juna biyu, masu shayarwa, masu ciwon sukari ko ƙanjamau da mashaya giya sun fi shiga wannan hali, kuma akwai 'yar ƙwayar B6 da likita ke ba su. Wanda ya ji haka ya faɗa a asibiti, kada ya ajiye maganinsa.

Kwando ko kwalba

To idan bitamin ɗaya tilo bai kawo abin da aka sa rai ba, me ya kawo? Amsa mafi ƙarfi da muke da ita daga jihar Jarkhand ta Indiya ta fito, a wani bincike mai suna RATIONS da Dakta Anurag Bhargava ya jagoranta, aka buga a 2023. An ɗauki masu tarin fuka 2,800 da mutanen gidajensu 10,345. Duk masu ciwon an ba su kayan abinci tare da magani. A rabin yankunan kuwa, har mutanen gida aka riƙa ba wa, kowane mutum kilo 5 na shinkafa da kilo ɗaya da rabi na wani irin wake a wata, da ƙwayar haɗin bitamin. A gidajen da kowa ya samu, sababbin masu kamuwa sun ragu da kashi 39 cikin 100, tarin fuka na huhu da gwaji ya tabbatar kuwa ya ragu da kashi 48. A cikin masu ciwon, waɗanda suka ƙara kashi 5 cikin 100 na nauyinsu a wata biyun farko, haɗarin mutuwarsu ya ragu da wajen kashi 60. Ga telanmu mai kilo 50, kilo biyu da rabi ke nan.

Shinkafa da wake, ɗalibai. Abin da muke bin layi muna saya kowace safiya a bakin titi. Ra'ayina a nan a fili yake: sidin da za a kashe kan kwalbar da likita bai rubuta ba, gara a kai shi wurin mai ƙwai da mai kifi. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma mara lafiyar da ke fama da yunwa shi ne ya fi saurin jin jiri da tashin zuciya ya watsar da magani a wata na biyu.

Mu lissafa wa telan abincin yini. Masana abinci da yawa suna ba da shawarar giram 1.2 zuwa 1.5 na furotin ga kowane kilo na nauyin mai tarin fuka, wato shi yana neman giram 60 zuwa 75. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6. Giram 100 na busasshen wake yana da kamar 23, na gyaɗa kamar 25. Busassun ƙananan kifi, rabin nauyinsu ko fiye furotin ne, kuma da yake har ƙashi ake ci, ana samun kalsiyam. Da asuba ya sha magani da ruwa, domin rifamfisin ya fi shiga jini idan ciki babu komai, bayan kamar awa guda ya karya da koko da ƙosai. Da rana wake da shinkafa da ƙwai da kifi. Da la'asar gyaɗa ko ƙuli-ƙuli da ayaba. Da dare tuwon zafi da miyar ayoyo ko kuka, da daddawa da ɗan nama. In bai iya cinye kwano a zama ɗaya ba, a raba masa kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida. Idan fitsarinsa ya yi ja kamar ruwan manja kada a tsorata, launin rifamfisin ne. Idan idonsa ne ya yi rawaya, wannan alamar hanta ce, a koma asibiti a ranar. Saboda hantar nan ce ake hana giya da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba har a gama magani.

Fura da nono da burkina abinci ne masu kyau ga mai rama, da sharaɗin an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, domin shanu ma suna da nasu tarin fuka da ke bin ɗanyar madara. Game da azumi kuwa, shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame ya sha ya rama daga baya. Mai BMI 17 ya tambayi likitansa da malaminsa tun kafin a ga wata.

Akwai al'adar da nake roƙon ku taimaka a bari, ta ware wa mai tari kwanonsa a tura shi ƙuryar ɗaki ya ci shi kaɗai. Mun riga mun ga cewa ba ta kwano ake ɗauka ba, kuma bayan 'yan makonni a kan maganin da ya dace, yawanci haɗarin yaɗa ta ya ragu ƙwarai. Abin da ke kare 'yan gida shi ne buɗe taga, rufe baki lokacin tari, zuwa gwaji, da ci su ƙoshi. Mutumin da aka ƙyamata ba ya cin abinci. Sau da yawa kuma shi ne mai nemo na cefane, ɗan dako ko direba ko mai ɗinki, wanda kwanciyarsa ta sa tukunyar gidan gaba ɗaya ta ragu a daidai lokacin da yaransa suka fi buƙatar garkuwa. Masallatanmu da ƙungiyoyin matasa da na mata da ke tara zakka da sadaka suna iya ɗaukar irin wannan gida na wata shida, mudun wake da shinkafa da kiret ɗin ƙwai, ba tare da an yi shela ba.

Aikin gida guda biyu ne. Na farko, ku lissafa BMI na wata mata mai tsayin mita 1.60 da nauyin kilo 42, ku faɗi matsayinta, da kilo nawa za ta ƙara kafin ta kai 18.5. Na biyu, ku shiga kasuwar Asawase ko ta Aboabo ku tambayi farashin wake, gyaɗa, ƙwai da busasshen kifi, ku fitar mana da hanya mafi arha ta samun giram 60 na furotin a yini. Kuma duk wanda ke da mai tarin da ya wuce sati biyu a gida, musamman in da rama ko zufar dare, ya raka shi asibiti a gwada kakinsa, kada a jira darasi na gaba.